Fashin Baƙi: Sai da sabuwar kwamfuta mai tsada ake kafa rumbun bidiyo a gida?

Wanda yake son ya tara bidiyoyinsa wuri guda, mutanen gida su riƙa kallo a talabijin ɗin falo da wayoyinsu ba tare da an ƙona data ba, shin dole sai ya sayi sabuwar kwamfuta mai ƙarfi? In kuwa haka ne, me ya sa wasu da suka sayi sabuwa dal suke kukan cewa ta fi tsohuwar ba su wahala?

Abubuwa biyu ne suka sake tayar da wannan magana. Ranar 29 ga Afrilun 2025 kamfanin Plex, wanda manhajarsa ta fi kowace suna a wannan harka, ya ɗaga kuɗin rajistar Plex Pass ta din-din-din daga dala 119.99 zuwa dala 249.99, ya kuma fara karɓar kuɗi kafin mutum ya kalli bidiyonsa na kansa daga wajen gida. Sai kuma ranar 14 ga Oktoban shekarar, Microsoft ya janye tallafinsa daga Windows 10, alhali Windows 11 ba ta karɓar yawancin furosesocin Intel da suka girmi zubi na 8. Kwamfutocin ofis masu lafiya ƙalau suka wayi gari ana kiransu tsofaffi, masu su suka shiga tunanin canji.

Shawarar da aka fi bai wa mai tambaya ita ce ya sayi mafi ƙarfin abin da aljihunsa zai ɗauka: furosesa Core i9, ram mai yawa, da katon katin hoto irin na masu wasannin kwamfuta. A ganina wannan shawara kuskure ce, kuma tana cin kuɗin mutum sau biyu, ranar saye da kuma kowane wata wajen biyan wuta.

Mene ne wannan rumbun?

Saba, wadda wasu masu fassara ke kira uwar garke, kwamfuta ce da aikinta kawai ta yi wa sauran na'urori hidima. Ba a zama a gabanta, sau da yawa ma ko allo ba a jona mata. Ana ajiye ta a lungu kusa da rawuta, a haɗa mata faifan ajiya, a sa mata manhajar da za ta bi fayilolin ta jera su tsaf, ta tuna inda kowa ya tsaya a kallonsa, ta ba kowane mutum asusunsa, ta kuma kulle wa yara abin da ba a so su buɗe. Manhajoji uku ne suka fi tashe: Plex da Emby da Jellyfin. Plex ta samo asali ne daga XBMC, wadda yanzu ake kira Kodi. Jellyfin kuwa ta ɓalle ne daga Emby a watan Disamban 2018, bayan masu Emby sun rufe tushen manhajarsu.

Akwai wani ruɗani da ya kamata a kawar tun daga nan. Mutane da dama sun ɗauka Wi-Fi da intanet abu ɗaya ne. Ba haka ba ne. Rawutar da babu layi a cikinta, ko wadda datarta ta ƙare, tana iya haɗa na'urorin gida da juna. Bidiyon da ya taso daga sabar zuwa talabijin bai fita daga gidan ba, saboda haka bai taɓa datar kowa ba. Tun da hukumar NCC ta amince wa kamfanonin waya su ƙara farashi da kashi 50 cikin 100 a Janairun 2025, wannan kaɗai ya isa dalili ga gidan da yara ke maimaita kallon abu guda sau goma.

Miƙawa da sake ɗinki

Duk wanda ya fahimci wannan sashe ya fahimci rabin maganar. Idan ka danna bidiyo a talabijin, ɗayan abu biyu ne ke faruwa.

Na farko, talabijin ɗin ya san irin fayil ɗin, hanyar da ke tsakaninsu kuma tana da faɗi. Sai sabar ta ɗauko fayil daga faifai ta miƙa yadda yake. Wannan aiki ba shi da nauyi ko kaɗan. Kwamfutar da ta shekara goma tana yin sa ga mutum biyar a lokaci guda ba tare da fankarta ta ɗaga murya ba.

Na biyu, talabijin ko wayar ba za ta iya da fayil ɗin yadda yake ba. To a nan dole sabar ta warware bidiyon ta sake tsara shi nan take. Ka ɗauka tela ne aka kawo wa babbar riga aka ce ya farke ta ya mayar da ita kaftanin yaro, mai kayan kuma yana tsaye a bakin shago yana jira. Ita sabar ba riga ɗaya take farkewa ba, hotuna 24 ne ko 30 a kowace daƙiƙa. Hoton 4K guda ɗaya yana da ɗigo sama da miliyan 8, ninki huɗu na 1080p, wato ɗigo kusan miliyan 200 ke nan a daƙiƙa. Da zarar ta yi jinkiri, sai kallo ya tsaya, da'irar nan ta fara juyawa a tsakiyar allo. Wannan sake ɗinki shi ne kaɗai aikin da ke gajiyar da saba, kuma dukkan manhajojin nan uku da injin FFmpeg suke yin sa.

Me ke jawo shi? Mafi yawa salon matsi ne. Ba a ajiye bidiyo ɗanye, matse shi ake yi, kuma kowane zamani da salonsa. H.264 ya fito a 2003, kusan kowace na'ura ta san shi. HEVC, wanda ake kuma kira H.265, ya zo a 2013, yana ba da kyan hoto iri ɗaya a fayil mafi ƙanƙanta, amma tsofaffin na'urori ba su gane shi. AV1 ya fito a 2018 daga wani ƙawance da ya haɗa Google da Netflix da Amazon da Intel da Microsoft, kuma sai na'urorin 'yan shekarun nan ne ke iya buɗe shi cikin sauƙi. Wani lokaci kuma hanya ce ta yi ƙunci, kamar mai kallo da datar waya daga wani gari. Wani lokaci rubutun fassara ne na ƙasan allo: idan rubutu ne zalla irin na SRT babu matsala, amma idan hoto ne irin na PGS da ke zuwa a faifan Blu-ray, na'urar da ba ta san shi ba takan tilasta wa sabar ta manna shi a jikin kowane hoto, wato ta sake ɗinke fim ɗin gaba ɗaya saboda layi biyu na rubutu.

Kada wani ya ɗauka wannan matsalar masu tara finafinan ƙasashen waje ce kaɗai. Tun 2017 wayoyin iPhone suke ɗaukar bidiyo da HEVC, daga iPhone 12 kuma suna ɗauka da launin HDR. Bidiyon ɗaurin aure ko walimar sauka da ƙanwarka ta ɗauka da wayarta, in aka kunna shi a talabijin ɗin da bai san HDR ba, wato salon hoto mai faɗin haske da launi, sai launin ya fito a koɗe kamar atamfar da ta sha rana. Gyara launin nan wani ƙarin aiki ne a kan sake ɗinkin.

Ɗan sashen da ba a tallata shi

Ba a yawan ƙwayoyin furosesa gizo ke saƙar ba. A 2011 Intel ya fara saka wani ɗan keɓantaccen sashe a cikin furosesocinsa mai suna Quick Sync, wanda ba ya yin komai sai warware bidiyo da sake matse shi. Tun da aikinsa ke nan, yana yi da sauri da wuta kaɗan. Aikin da zai cika ƙwayoyin babbar furosesa fal, ya sa fanka ta yi ta kuka, wannan ɗan sashe yakan yi shi furosesar tana hutawa. Nvidia yana da nasa mai suna NVENC, AMD da Apple su ma kowa da nasa.

Saboda haka tambayar da ta dace a yi wa mai sayarwa ita ce: wane zubi ne sashen bidiyon wannan na'ura, kuma waɗanne salon matsi ya sani? A wajen Intel, zubi na 7 da ya shigo kwamfutocin tebur a farkon 2017 shi ne ya fara iya HEVC mai zurfin launi na bit 10 gaba da baya, warwarewa da matsewa. Zubi na 11 ya ƙaro warware AV1. Matse bidiyo zuwa AV1 kuwa sai katunan Arc na 2022 da furosesocin Core Ultra na ƙarshen 2023.

A nan ake yawan faɗawa rami. Furosesar Intel da lambarta ta ƙare da harafin F, kamar i5-12400F, ba ta da sashen hoto mai aiki, don haka ba ta da Quick Sync. Ta fi 'yar'uwarta arha kaɗan, masu haɗa kwamfutar wasa suna son ta, amma ga saba an cire mata abin da ake nema ne. Katin Nvidia GT 1030, wanda ya cika kasuwa saboda arharsa, ba shi da NVENC sam. Haka katunan AMD RX 6400 da RX 6500 XT, ba su da sashen matse bidiyo. Raspberry Pi 5, ɗan ƙaramin allon kwamfuta da ya fito a ƙarshen 2023, ya fi Pi 4 sauri nesa ba kusa ba, amma an cire masa sashen matse H.264 da na huɗun yake da shi. Ga misali ƙarara na sabuwar na'urar da ta ci gaba a komai ta koma baya a abu ɗayan da saba ke buƙata.

To me sabbin na'urorin suka ƙara da gaske?

Babbar ribar tana can ƙasan jerin farashi. A Janairun 2023 Intel ya fitar da N100, furosesa mai ƙwayoyi huɗu da aka ƙayyade wa wat 6. Kamfanoni irin su Beelink da GMKtec suka riƙa saka ta a 'yan akwatunan da ba su wuce tafin hannu ba. A aikin yau da kullum ba wani ƙarfi gare ta ba, amma sashen bidiyonta na zubi na 12 ne, wato dangin wanda ke cikin manyan furosesocin da suka ninka ta tsada. Tana warware H.264 da HEVC da AV1, tana matsewa zuwa H.264 da HEVC, kuma tana iya ɗaukar mutanen gida guda da ke kallon abubuwa daban-daban. N150 da ta biyo baya a farkon 2025 kusan ita ce dai, an ɗan ƙara mata gudu. Iyakarta a bayyane take: ram ɗinta hanya ɗaya ce, ƙofofin jona faifai kaɗan ne, kuma in ka ɗora mata wasu ayyuka masu nauyi ban da bidiyo za ta nuna gajiya.

Wanda yake da tsohuwar kwamfutar tebur da yake so ya ci gaba da ita, ƙaramin katin Intel Arc A310 ko A380 yakan ba ta sashen bidiyo na zamani har da matse AV1, ba sai an canza komai ba. Katunan Nvidia suna aiki sosai, sai dai kamfanin yana ƙayyade yawan bidiyon da katin GeForce zai matse a lokaci guda. Ya ɗaga adadin daga 3 zuwa 5 a 2023, sannan zuwa 8 a farkon 2024, wanda ya ishi kowane gida. Matsalarsu ita ce katin da ke zaune kunne dare da rana yana shan wuta ko ba a kallo. AMD gwani ne a furosesa, amma a ingancin matse H.264 ya daɗe yana bayan Intel da Nvidia, shi ya sa masu Jellyfin ba su sa shi a gaba a shawarwarinsu. Mac mini mai furosesar Apple yana da shiru da ƙarancin shan wuta, sai dai tsada, kuma ajiyar cikinsa ba ta da yawa.

Kwamfutocin ofis na hannu fa, irin Dell OptiPlex 7050 ko HP EliteDesk 800 G3 masu furosesa i5-7500? Windows 11 ta ƙi su, amma Linux ba ta ƙi su ba, kuma sun iya HEVC. Wanda yake da irinsu a gida ya riƙe abinsa. Mai shirin saye kuwa ya san cewa Intel ya daina raya manhajar bidiyon da ke tafiyar da zubi na 7 zuwa na 10, kuma ba su san AV1 ba. Suna aiki yau, amma gaba ba tasu ba ce. In farashinsu a Farm Centre ta Kano ko Banex ta Abuja ya kusa na akwatin N100, ni dai zan ɗauki akwatin.

Inda sabunta ke zama ciwon kai

Na'ura ba ta aiki sai da manhajar direba da ta san ta. A Linux, wadda yawancin masu saba ke amfani da ita, direbobin suna cikin zuciyar tsarin ne, wadda ake kira kanel. Masu saba kuma sun fi son tsarin da ba ya yawan canzawa, kamar Debian ko Ubuntu na dogon zango, waɗanda sukan tsaya a kan kanel ɗaya tsawon lokaci. To idan na'urarka ta fito bayan an rufe wannan kanel ɗin, ba su san juna ba.

Katunan Arc na farko ba su samu cikakken tallafi ba sai a kanel 6.2, a Fabrairun 2023. Debian 12 da ta fito a Yunin wannan shekarar kuwa da 6.1 ta zo. Mutum ya sayi kati sabo, ya sa Debian sabuwa, amma katin bai yi aiki ba sai da ya nemo kanel daga waje. Tarihi ya maimaita kansa da Arc B580 na Disamban 2024, wanda ke buƙatar 6.12 ko sama, alhali Ubuntu 24.04 da 6.8 ta fara fitowa. Sai Debian 13, a Agustan 2025, ta zo da 6.12. Bayan kanel kuma akwai FFmpeg ɗin da kowace manhaja ke ɗauke da shi, shi ma sai an sabunta shi ya san sabon katin. Plex, alal misali, sai a farkon 2025 ta fara matse bidiyo zuwa HEVC, duk da cewa na'urori sun iya tun shekaru.

Abin da ya sa wannan matsala ke da ban takaici shi ne ba ta ihu. Sabar takan koma yin aikin da furosesa a ɓoye, bidiyo ya riƙa tsayawa, akwati ya ɗauki zafi, mai shi ya ɗauka ƙarfi ne ya gaza har ya fara tunanin ƙara sayen wani abu. Masu sa manhajar a cikin Docker, wato tsarin da ke killace kowace manhaja a nata keɓantaccen wuri, suna da tarkonsu na daban: sai an buɗe mata hanyar /dev/dri da hannu, in ba haka ba ba za ta ga sashen bidiyon ba ko da komai na lafiya. Na'urar da ta shekara ɗaya ko biyu a kasuwa ta wuce wannan mataki, wasu sun riga sun sha wahalar sun rubuta maganinta.

Lissafin wuta, da zafi, da ƙura

Saba kunne take kwana, saboda haka wutar da take sha tana zaune ita ce abin dubawa. Akwatin N100 yakan zauna a kan wat 10 ko ƙasa. A wata guda yunit 7.2 ke nan. Kwamfutar wasa mai babban kati da ke jan wat 100 kuwa za ta ci yunit 72. A farashin rukunin Band A, wanda ya tsaya a kusan Naira 209 kowane yunit daga Yulin 2024, ta farkon Naira 1,500 ce a wata, ta biyun Naira 15,000. Bambancin shekara ya haura Naira 160,000, kuma bidiyon da ke fitowa a talabijin iri ɗaya ne.

Ga mai dogaro da sola da batir, lissafin ya fi haka tsanani. Batir mai bolt 12 da amfiya 100 yana ɗauke da kusan yunit 1.2, kuma in na dalma da ruwan asid ne rabi kawai ya kamata a ja don kada ya mutu da wuri. Akwatin da faifai da rawuta, a ce wat 20 gaba ɗaya, za su yi kusan awa 30 a kansa. Mai wat 100 ba za ta wuce awa 6 ba, tun kafin a cire abin da inbata ke ci. Da yawa daga cikin ƙananan akwatunan nan da bolt 12 suke aiki kamar rawuta, don haka ana iya ciyar da su daga ƙaramin batirin rawuta ba tare da inbata ba. Amma a duba rubutun jikin cajar tukuna, domin wasu bolt 19 suke so. Kada kuma a jona kai-tsaye a babban batir, saboda idan yana caji yakan haura bolt 14, sai da na'urar daidaita wuta a tsakani.

Ɗaukewar wuta bagatatan ita ce babbar abokiyar gabar saba. Tana iya lalata kundin bayanan manhajar, tana kuma jigata faifai mai juyawa. Batirin tsakani, wato UPS mai riƙe kwamfuta idan wuta ta ɗauke, ya fi ƙarin ram muhimmanci a nan. Akwai kuma wani saiti a BIOS, wato shafin saitin kwamfuta na farkon kunnawa, da ke sa kwamfuta ta tashi da kanta idan wuta ta dawo, a kunna shi. A watannin Maris zuwa Mayu zafin Kano da Sakkwato da Yamai yana haura digiri 40, don haka kada a rufe akwatin a cikin durowar talabijin ko a ɗora shi a kan kafet. Bayan kowane hunturu a buɗe a kaɗe ƙurar da ta toshe fanka.

Plex ko Jellyfin?

Magoya bayan Plex suna da hujja. Ta fi sauƙin kafawa, manhajarta tana kusan kowane talabijin, kuma ɗan'uwan da bai san komai game da kwamfuta ba zai iya shiga da kansa. Amma amfani da Quick Sync ko NVENC a Plex sai mai Plex Pass, wanda a 2025 ya koma dala 6.99 a wata ko 69.99 a shekara. Wato ka sayi na'ura da kuɗinka, sannan ka biya kafin a bar ka ka mori sashen da ka saye ta dominsa. Abin da ya fi damuna kuma shi ne shiga asusun Plex ta intanet yake bi. Idan layi ya yanke, mutum na iya kasa buɗe bidiyon da ke ɗaki ɗaya da shi, sai in tun farko ya saita a bar na'urorin gida su shiga ba tare da tantancewa ba.

Jellyfin kyauta ce gaba ɗaya, 'yan sa-kai ke raya ta, asusun kowa yana cikin sabar, kuma amfani da sashen bidiyo ba ya buƙatar ko kwabo. Kuɗin da za ka biya shi ne lokacinka: saitin ya fi yawa, manhajojinta na wasu talabijin ba su kai na Plex laushi ba, kallo daga waje kuma kai za ka haɗa shi. A inda intanet ke zuwa yana tafiya, dala kuma take da tsada, na fi karkata ga Jellyfin.

Kallo daga wajen gida

Wannan shi ne wurin da ƙarfin kwamfuta ba ya magani. Kamfanonin layin waya, har da Starlink a tsarinsa na gida, ba sa ba kowane mai rajista adireshin intanet nasa shi kaɗai. Mutane da yawa ne ke raba guda, kamar gidan haya mai ɗaki hamsin da zaure ɗaya, babu lamba a ƙofar kowa. Kai kana iya fita, amma baƙon da ya zo nemanka bai san ƙofar da zai buga ba. Shi ya sa umarnin buɗe ƙofa ta 32400 ga Plex ko 8096 ga Jellyfin ba ya aiki a irin waɗannan layuka. Plex tana da hanyar zagaye ta sabobinta, amma an taƙaita ta a megabit 2 a daƙiƙa. Manhaja irin Tailscale, wadda aka gina a kan WireGuard, tana haɗa wayarka da sabar ta ɓoyayyiyar hanya ba tare da buɗe ƙofa ba.

Ko an samu hanyar, a tuna da data. Kallon awa ɗaya a kan megabit 4 yana cin gigabayit 1.8, kuma sau biyu ake cirewa, daga layin gida mai turawa da na wayar mai karɓa. Tsaro ma ba abin wasa ba ne. Kutsen da aka yi wa LastPass, kamfanin ajiyar kalmomin sirri, a 2022 ya bi ne ta kwamfutar gidan wani injiniyansu, wadda ke ɗauke da tsohuwar Plex da ba a sabunta ba, alhali an toshe ramin tun 2020.

Faifai, da abin da aka zuba a ciki

Kuɗin da aka rage wajen furosesa a faifai ya kamata ya tafi. Tsarin kwamfuta da manhajar su zauna a ƙaramin SSD, bidiyoyi kuma a babban faifai mai juyawa, wanda ya fi arha a kowane terabayit. A nemi nau'in CMR, domin nau'in SMR yakan yi sanyi ƙwarai idan rubutu ya yi yawa. A 2020 aka gano Western Digital yana sayar da SMR a cikin jerin WD Red ba tare da bayyanawa ba, abin da ya sa daga baya ya ware WD Red Plus ga masu CMR. Faifan hannu kuwa a duba awannin da ya yi yana aiki da manhaja irin CrystalDiskInfo kafin a biya.

Faifai biyu masu kwafin juna a cikin akwati guda suna kare ka daga mutuwar ɗaya ne kawai. Ba sa kare ka daga tsawa, ko ɓarawo, ko yaron da ya goge fayil bisa kuskure. Bidiyon bikin iyaye, muryar kakan da ya rasu, kaset ɗin tafsirin da aka juye zuwa kwamfuta, waɗannan ba a sake samun su a kasuwa. Su sami kwafi a wani faifai da ke ajiye a wani gidan daban.

Manhajojin nan halal ne a doka, amma abin da aka zuba a ciki nauyin mai shi ne. Masu shirya finafinan Kannywood sun ga yadda tura fim a waya kan 'yan kuɗi kaɗan ya karya kasuwar faifai, ya bar mutane da dama babu aikin yi. Najeriya tana da sabuwar dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a Maris ɗin 2023. Rumbun da aka cika da gumin wasu, aka kuma buɗe wa unguwa ana karɓar kuɗi, satar fasaha ce ko da wace irin na'ura aka yi ta.

Kafin a kai kuɗi kasuwa

Gani ya kori ji. Duk tsohuwar laftof da ke gida ta isa gwaji. A sa mata Jellyfin, a jona ta da rawuta ta waya maimakon Wi-Fi, a zuba bidiyoyi iri-iri, a bar mutanen gida su yi kallo mako guda. Shafin mai kula da sabar yana nuna kowane kallo, ko miƙawa ake yi kai-tsaye ko sake ɗinki, har da dalilin da ya jawo shi. In kusan duka miƙawa ne, babu abin da sabuwar kwamfuta za ta ƙara.

In kuwa talabijin guda ne ke ta jawo sake ɗinki, gyaran yana wajen talabijin ɗin. Ƙaramin akwatin Android TV ko Fire TV Stick 4K da ya san HEVC zai ɗauke wa sabar aikin gaba ɗaya a kan kuɗin da bai kai na katin hoto ba. A waya da laftof ma, manhajar da aka girka takan buɗe fayil ɗin da burawuza za ta nemi a sake ɗinkewa. Wani abin da kan ɓoye shi ne ƙofar waya ta talabijin da yawa, har masu tsada, megabit 100 kawai take ɗauka, alhali fayil ɗin 4K da aka kwafo daga faifan Blu-ray yana iya kaiwa nan a wuraren da hoto ke motsi da yawa. In bidiyo yana tsayawa a irin wannan talabijin kuma shafin ya nuna miƙawa ake yi, a gwada Wi-Fi mai zangon gigahaz 5 kafin a taɓa sabar.